Keken kwamfuta ya cinye ɗinkin Yaya: wai wa fasaha take yi wa aiki?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Da wani abu na kwana na tashi, na ce bari in kawo shi nan ko na samu mai warware mini.

Jiya bayan La'asar na leƙa wajen yayana a cikin gari. Ya fi shekara 30 yana ɗinkin hannu, aikin wuyan babbar riga, aska biyu, aska takwas, duk wanda ka sani. A da, in azumi ya kama ba ka samun wurin zama a zaurensa saboda riguna, yara huɗu ne suke taya shi. Jiya riga ɗaya tak na tarar a cinyarsa, ita ma ta wani dattijo ce da ba ya saka aikin inji. Sai ya ɗauko wata da aka kawo masa ya gani, aikin keken kwamfuta, wanda teloli suke cewa monogiram. Ya shimfiɗa ta kusa da tasa, ya bi zanen da ɗan yatsa, ya ce da ni, "Ka ga wannan? Zanenmu ne. Abin da nake wata guda ina yi, a yini ɗaya suka gama." Bai zagi kowa ba. Shirun da ya yi bayan nan shi ne ya tsaya mini a rai.

Mahaifinmu marini ne, a kan idonmu karofi ya riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Yanzu ga ɗinki ya bi sahu. To ina tambaya tsakani da Allah: me yake sa waɗannan ƙere-ƙere suke ta fitowa ba tsayawa? Kuma rayuwarmu sauƙi ta ƙara, ko dai wahalar ce ta sake kama?

Ɗan Kwari:
Wa alaikumus salam. Allah Ya buɗa wa Yaya wata ƙofar. Amma Malam, amsar tana aljihunmu. Mai saye ne yake kiran inji. Saurayi zai yi angwanci, yana son rigar da za a kalla, ba shi da kuɗin aikin hannu, kuma ba zai jira wata guda ba. Wanda ya kawo keken nan buƙatar wannan saurayin ya gani. Zamani riga ne.

Injiniya Ƙarami:
Alhaji, da girmamawa, buƙata kaɗai ba ta isa ba. In da buƙata ce take haifar da fasaha, da mu ne kan gaba a duniya, don ba wanda ya fi mu buƙatar wuta da ruwa da magani.

Tunda Baban Ummi ya ambaci rini, mu tsaya a kansa. Baba da ake zubawa a karofi ganye ne, ana haɗa shi da toka da katsi, wato ƙonanniyar lakar gindin karofi, a bar shi ya yi kwanaki kafin ya nuna. Da wannan ilimin Kano ta tufatar da rabin Sahara. Baturen nan Barth da ya zo a 1851 ya ga tufafin Kano suna tafiya har Tambutu da Tarabulus. Me ya faru daga baya? A Jamus masana haɗa sinadarai suka zauna suka gano ainihin abin da ke cikin ganyen da yake ba da shuɗin, sannan kamfanin BASF ya shafe sama da shekara 15 yana zuba kuɗi kafin ya fito da baban roba kasuwa a 1897. Shekara 15 ana biyan mutane albashi suna gwaji yana lalacewa, ana rubuta dalilin lalacewar, na baya ya ɗora daga inda na gaba ya tsaya.

Abu ukun da na gani ke nan duk inda fasaha ta yi tsiro: mai kuɗin da zai jure asara, ilimin da aka rubuta aka ajiye, da kasuwa ko gwamnatin da za ta saya. Intanet ɗin nan da muke magana a kai ma daga ma'aikatar tsaron Amurka ya faro a 1969, kuɗin gwamnati ne ya raine shi shekara da shekaru kafin ɗan kasuwa ya ci ribarsa.

Baba Tsohon Sharaɗa:
Ɗana Injiniya, ka manta na huɗu, kuma shi ne ya kashe mu: wuta.

Ni shekara 19 na yi a masaƙa. Mutane suna magana kamar ba mu taɓa riƙe inji a garin nan ba. Mun riƙe! Sharaɗa, Bompai, Challawa, in aka tashi aiki da yamma sai ka ga kekuna kamar fari a kan titi. Akwai wani ƙarfe a injin da nake kula da shi, in ya karye a da sai an aiko daga waje, amma a hankali wani maƙeri a Ƙofar Ruwa ya iya yanka mana shi, har ya fi na Turawan daɗewa. Ashe mun fara hawa matakalar. Sai wuta ta gagara, kamfani ya koma janareta, dizal ya cinye riba, ga yadi mai araha yana kwararowa daga waje. Ranar da aka ba mu takardar sallama ban bar wurin ba sai da na shafa wa injin nan mai, na rufe shi da leda, ina cewa za a dawo. Daga baya na ji a kilo aka sayar da shi.

Ku je Kantin Kwari yau ku ƙirga yadin da aka saƙa a Kano. Alhaji na nan, shi zai faɗa muku.

Ɗan Kwari:
Baba, ba zan musa ba. Yawancin abin da ke shagona daga Sin yake zuwa. Har atamfa mai zanenmu can ake buga ta.

Maman Sadiƙ:
Sannunku da muhawara. Na karanta duka, kuma na ji zafin abin da ya sami Yaya da Baba. Amma ku ba ni dama in ce wani abu, don na lura duk maza ne kuke lissafin, kuma lissafin sana'a kawai kuke yi.

Kakata a Ɗandago ta rayu. Kafin asuba take tashi ta yi surfe, ta wanke, ta shanya, ta daka, ta tankaɗe, ta koma kan dutsen niƙa. Tafin hannunta in ta shafa maka fuska sai ka ji kamar ɓawon itace, kanta ta yi masa yawa. Ranar da aka kafa injin niƙa a unguwar, ita ta fara aika yaro da ƙwarya. Ban taɓa jin wata mace ta yi kukan rabuwa da taɓarya ba. Awannin da injin nan ya mayar wa mata, su ne wasunmu muka yi karatu da su. Ni ɗaya ce a ciki.

Yanzu ina aikin jinya, shekara 22 ke nan. Tambayi duk dattijon da ke gidanku 'ya'ya nawa mahaifiyarsa ta haifa, nawa suka rayu. Agana ta tafi, tun 1980 aka bayyana cewa babu ita a duniya, yaran yanzu ko sunanta ba su sani ba. Kurkunu, wanda a ƙarshen shekarun 1980 yake kwantar da sama da mutum 600,000 a Nijeriya, yawanci ma a tsakiyar damina lokacin noma, a 2013 aka tabbatar ya ƙare a ƙasar nan. Kuma ba wata babbar na'ura ce ta kore shi ba, ƙyallen tace ruwa ne da rijiyar burtsatse da mutanen da suka bi ƙauye-ƙauye suna wayar da kai. Ga sikanin: mace ta zo awo, mu ga mabiyiya ta tare hanya tun ciki yana wata bakwai, a shirya mata aiki. A zamanin kakata wannan matar sai dai a ce ta tafi da ciki, Allah Ya jiƙanta.

Saboda haka in aka ce wahala ce kawai ta sake kama, ni ban yarda ba. Akwai wahalar da ta tafi gaba ɗaya.

Baban Ummi:
Hajiya, wallahi kin tuna mini. Mu tara mahaifiyarmu ta haifa, mu huɗu muka girma. Ƙyanda ce ta ɗauki biyu a mako ɗaya. Na karɓi wannan gyaran.

Anti Malama:
Maman Sadiƙ, gaskiya kika faɗa, sai dai injin niƙan nan da ya 'yanta kakarki, irinsa ne aka riƙa niƙa dutsen zinare da shi a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara. Ƙurar ta cika gidaje, gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a 2010. Inji ɗaya ne. Bambancin shi ne can ba wanda ya gaya wa mutane abin da ke cikin dutsen. Mu kayan ne suke iso mana, ilimin da ya kamata ya rako su sai ya maƙale a hanya.

Maman Sadiƙ:
Haka ne Anti, kuma har da amana. Mu da muka yi aikin rigakafin shan inna mun san wannan. Da aka dakatar da shi a Kano a 2003, ba jahilci ne kawai ba kamar yadda wasu suke faɗa. Mutane ba su manta da gwajin maganin da wani kamfanin Amurka ya yi a kan yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Sai da sarakuna da malamai suka shigo, aka ɗiga wa 'ya'yansu a gaban jama'a, sannan ƙofofi suka buɗe. A 2020 aka bayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Maganin yana nan tun tuni, yarda ce ta yi jinkiri, kuma yara da yawa sun shanye a tsakanin.

Mai Gyara Farm Centre:
Salamu alaikum iyayena da yayyena. Ni yaro ne a cikinku amma bari in sa baki, don ni waya ce ta rufa mini asiri.

Kafin 2001 layukan tarho a duk Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba. Da GSM ya zo, layi kaɗai wajen naira 20,000 ne, kira naira 50 minti ɗaya, ko da sakan biyar ka yi. Sai da Glo ya shigo a 2003 da lissafin sakan-sakan sauran suka sauko. Wannan ma darasi ne, gasa tana tura fasaha gaba. Yau ku zo kasuwar waya ta Farm Centre ko ta Titin Beirut ku ga dubban matasan da suke ci daga wannan abu: mai sayarwa, mai gyara, mai manna gilashi, mai caji, mai POS. Ni ban wuce sakandare ba. A YouTube na koyi ciro IC, wato ɗan ƙaramin guntun lantarkin nan, daga allon waya. Wani ɗan Indiya nake kallo, ba na jin yarensa, hannunsa kawai nake bi. Yanzu yara shida ne a ƙarƙashina.

Amma abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, ko dunƙulen dalmar da nake liƙi da ita daga waje take zuwa. Sikirin, batir, abin hura zafi, madubin da nake duba allo da shi, babu namu ko ɗaya. Dala ta motsa, jarina ya motsa. Kuma sababbin wayoyin nan da gangan ake haɗa su yadda in ka canja wani abu sai ta ƙi karɓa. Wato wanda ya ƙera yana can yana yanke hukuncin ko zan ci abinci gobe.

Injiniya Ƙarami:
Ƙanena, ka taɓo inda nake son zuwa. Kuma ba yau aka fara ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Turawa ba don su kai kakanninmu ziyara suka shimfiɗa dogo ba, auduga suke so wa masaƙun Ingila. Sai aka yi dace a lokacin masana'antun Turai sun gano yadda ake daskarar da man tsirrai a yi bota da shi, farashin gyaɗa ya tashi, manoman Kano suka ga gyaɗa ta fi auduga riba, ga shi in farashi ya faɗi za a iya cin ta. Daga nan dalar gyaɗa ta samo asali, daga nan su Alhassan Ɗantata suka bunƙasa. A gefe guda kuma ayarin raƙuma zuwa Tarabulus ya mutu, madugai da masu masaukin fatake suka rasa abin yi. Dogo ɗaya, ya ɗaga wani gida ya kwantar da wani.

Abin lura a nan, wanda ya ci riba shi ne wanda ya karɓi abin ya juya shi zuwa tasa buƙatar, ba yadda mai kawowa ya tsara ba. Manomin da ya ƙi auduga ya shuka gyaɗa bai ƙera jirgi ba, amma ya sa jirgin ya yi masa aiki.

Baba Tsohon Sharaɗa:
Ya yi masa aiki na shekara nawa? Ina dalar take yanzu? Ku yara kuna da daɗin baki. Ni dai abin da na sani, ƙasar da ba ta iya riƙe wuta ba, duk wannan zance ne. A watan Oktoban 2024 fiye da mako guda Arewa tana cikin duhu. Maƙwabcina mai walda sai da ya sayar da akuyar matarsa.

Na Kadawa:
Baba, Allah Ya huci zuciyarka. Ni a Gwale nake zaune amma gonata tana Kadawa, kuma ina da labari mai ɗan daɗi. Da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, injin ban ruwa ya koma cin kuɗi fiye da taki. Gonata tana can ƙarshen kwata inda ruwa ba ya isowa sosai, dole sai da inji. Na kusa haƙura da noman rani. Muka haɗa kuɗi mu uku muka sayi faifan sola da famfonsa. Ranar farko da rana ta ɗaga, na ga ruwa yana bulbulowa babu ƙara babu hayaƙi, sai na tsuguna na sa hannu a ciki kamar ban taɓa ganin ruwa ba. Tsadar fetur ce ta tura mu, ba wayewa ba. Yanzu yaran da suke haɗa mana wayoyin 'yan Kura ne, sun iya tsaf.

Sai dai in za a faɗi gaskiya a faɗe ta duka. Madatsar Tiga da Audu Bako ya gina ita ta mai da Kura da Bunkure da Garun Malam abin da suke a yau, shinkafa da tumatir da alkama. Amma ina da abokin ciniki ɗan Hadeja, shi in ka ambaci Tiga ba murmushi yake ba. Ambaliyar da take cika musu fadama kowace shekara ta ragu, kamun kifi ya ja baya, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa. Mu muka sha romon, su suka biya.

Ɗan Kwari:
Wannan magana ta "wa ya biya" ita ce. Lokacin canjin kuɗi a farkon 2023 mu masu asusun banki mun sha wuya amma mun rayu, tiransifa ta cece mu. A nan na ga dattijuwa mai sayar da zogale a bakin kasuwa ta zauna har Magariba ba ta yi ciniki ba, don ba ta da waya, masu saye kuma ba su da tsaba. Ni kaina an taɓa yi mini alat na bogi, na ba da shadda turmi biyu, sai da na je gida na duba na ga wayam. Duk da haka ba zan koma ɗaukar kuɗi a buhu ba.

Anti Malama:
Ni damuwata tana cikin aji. Shekarar da aka yi ta maining ɗin nan na neman kuɗin intanet, rabin 'yan ajina na babbar sakandare suna dangwalar waya a ƙarƙashin benci suna jiran ta fashe. Yaro mai ƙwaƙwalwa, wanda da zai iya zama irin Injiniya, ya kwana yana taɓa gilashi. Yanzu kuma ƙirƙirarriyar basira ta zo, ka ba da aikin gida a kawo maka Turanci mai santsi, ka ce yaro ya bayyana layi ɗaya ya yi tsuru-tsuru. Waɗanda suka ƙera manhajojin nan da hankalin yaranmu suke cin kuɗi, duk minti ɗaya da yaro ya ƙara a kai riba ce a wurinsu. Ba a gina su don yaro ya ajiye ya je ya yi barci ba. Ga zumunci: ƙanwata tana Hotoro, kullum muna gaisawa a WhatsApp, sai da na lissafa na ga wata biyar ban taka gidanta ba. Ban ma zo kan ƙwacen waya ba, wanda ya sa fita bayan Isha'i ta zama abin tsoro a wasu unguwanni.

Mai Gyara Farm Centre:
Anti, gaskiya ne. Amma wayar da wancan ya yi maining da ita, irinta na koyi sana'a da ita. Wani ne ya zaunar da ni ya ce ga abin da za ka kalla. Yawancin yaran nan ba su sami mai zaunar da su ba.

Injiniya Ƙarami:
Baban Ummi, in dawo kan Yaya, don kada mu yi ta yawo mu bar shi da riga ɗaya a cinya. Keken monogiram ba ya ƙirƙirar zane. Sai wani ya zauna a kwamfuta ya zana masa, ya nuna masa inda allura za ta shiga da inda za ta fita, da yawan zaren da zai hau kowane wuri. Masu wannan aikin a garin nan ba su da yawa, kuma da yawansu kwafa suke daga hoto, ba su san sunan zanen ba balle ƙa'idarsa. Shi ya sa za ka ga aska ta karkace ko an cushe gidan da ya kamata a bar shi ya sha iska. Yaya ya san wannan da ido rufe. Abin da ke kansa shi ne ba a sayowa daga Sin. In ya tafi da shi ba a rubuta ba, mun sake yin asarar da muka yi a karofi. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Baba Tsohon Sharaɗa:
Mutum mai shekara kusan 60 za ku zaunar a gaban kwamfuta? Ku dai faɗi wata.

Baban Ummi:
Baba, shi ba zai zauna ba, na san halinsa. Amma yana da ɗa, ya gama sakandare bara, yana gida ba ya komai, kuma tun yana ƙarami yake zana wa babansa a takardar siminti kafin a hau ɗinki. Ban taɓa haɗa abin a raina ba sai yanzu.

Abin da ya fi damuna ma, da Injiniya ya ambaci katsi sai na tsaya ina tunani: awo nawa mahaifinmu yake zubawa, kwana nawa yake jira, me yake dubawa a kumfar da ke saman karofi har ya ce ya nuna? Na sha ganinsa yana ɗanɗana ruwan da harshe. Ban taɓa tambayarsa me yake ji ba. Mu huɗu babu wanda ya tambaya.

Mai Gyara Farm Centre:
Baba, akwai wani abokina a layinmu da yake wannan zanen na monogiram, kullum kukansa bai da wanda ya san aikin gargajiya. Ka turo yaron ranar Asabar da hantsi, ya zo da takardun zanen nan ko da sun yage. Kwamfuta akwai ta shago, zai iya koyo a kai kafin ya samu tasa.

Maman Sadiƙ:
In za ku je wajen Yaya ku tafi da waya mai sarari, ku ɗauke shi yana aiki yana faɗin sunan kowane zane da bakinsa. Kuma ku fara neman izininsa, kada ya ga kamar an zo kwashe masa sana'a.

Baban Ummi:
In sha Allahu. Gobe bayan sallar Juma'a zan same shi, ni kaɗai tukuna. Mai Gyara, zan neme ka ta akwatin sirri ka ba ni kwatancen shagon. Akwai kuma wani tsoho da suka yi rini tare da mahaifinmu, ana ce mini yana nan da ransa a wajen Ƙofar Mata, ƙafa ce kawai ta hana shi fita. Injiniya, in kana da lokaci ranar Lahadi ka raka ni, kai ka san irin tambayar da za a yi masa.

Injiniya Ƙarami:
Ina da shi, Baba. Zan zo da littafi da biro. Ƙarfe nawa?